Aikin Gida Ga Yara: Ina Tarbiyya Ta Tsaya, Ina Zalunci Ya Fara?



Jarkar ruwa mai cin lita 25, idan aka cika ta, nauyinta kilo 25 ne, ban da nauyin robar. Yaro ɗan shekara 7 mai ƙoshin lafiya kuwa, nauyin jikinsa gaba ɗaya kilo 22 ne zuwa 23 a galibi, kuma da yawa cikin yaran ƙauyukanmu ba su ma kai hakan ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tuƙa-tuƙa da sassafe, a Roni ko Amaryawa ko Zugai, ya ga yadda manya biyu suke kama jarka su ɗora wa yarinya ƙarama a ka, wuyanta yana rawa, ta kama hanyar gida. Ta ɗauki abin da ya fi ta nauyi kenan. Idan ka yi magana sai a ce maka: ai horo ne, mu ma haka muka tashi.

A ɗaya gefen kuma, shiga gidan wani ma'aikaci a Kazaure ko Dutse, za ka tarar da saurayi ɗan shekara 16 ya gama cin abinci ya ture kwano da ƙafa, ya koma kan waya. Bai san inda tsintsiya take a gidan ubansa ba. Idan ka yi magana sai uwar ta ce: ai karatu yake yi, ba na so ya wahala irin wahalar da na sha.

Duka gidajen biyu so ne suke iƙirari, kuma duka biyun sun cutar da yaron. Tambayar da nake so mu zauna a kanta yau ita ce: da wane haƙƙi uba ko uwa suke sa yaro aiki, kuma ina iyakar wannan haƙƙin?

MAFARIN MAGANA

Yaron da bai balaga ba, ba mukallafi ba ne. Alƙalami bai hau kansa ba. Ciyar da shi, tufatar da shi, da samar masa ruwan da zai sha, duk suna wuyan mahaifinsa, wannan babu saɓani a cikinsa. Idan haka ne, to ɗebo ruwan gidan da samo itacen gidan, a asali nauyin manyan gidan ne. Malaman fiƙihu sun halatta wa uba ya sa ɗansa ƙarami hidima, amma ta wace ƙofa suka halatta? Ta ƙofar ladabtarwa da koyarwa. Sun kuma kafa ƙa'ida cewa duk wanda aka ba shi jiɓintar lamarin wani, tasarrufinsa a ɗaure yake da maslahar wanda yake jiɓinta.

Daga nan ne ma'aunin ya fito. Aikin da ake ba yaro, don amfanin yaron ake ba shi. Gidan zai amfana, ba laifi, amma wannan riba ce a kan uwar kuɗi. Duk ranar da lissafin ya juye, ya zama yaron ne ake ƙararwa domin aikin ya tafi, to an fita daga tarbiyya, ko da kuwa wanda ya sa shi aikin shi ya haife shi.

Wani zai ce: Malam, ina biyayyar iyaye? Tana nan daram, kuma da aikin gida ake shuka ta. Sai dai ita amana hanya biyu gare ta. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar ya sanya uba makiyayi a kan iyalinsa, uwa makiyayiya a gidan mijinta, kuma kowa za a tambaye shi. Makiyayi ake tambaya game da abin kiwo. Kafin a tambayi ɗanka yadda ya bi ka, kai za a fara tambaya yadda ka riƙe shi.

SHARI'A TA SAN SHEKARU

Addinin nan bai taɓa ɗaukar yaro a matsayin babban mutum mai gajeren tsawo ba. Ku duba salla, wadda ta fi kowane aiki girma. A hadisin Abu Dawud, umarni da ita yana farawa ne a shekara 7, tsanantawa kuma sai a shekara 10. Shekara 3 cur aka bari a tsakani don koyo da sabo. Idan haƙƙin Allah an bi da shi mataki-mataki haka, ina ga wanke-wanke?

Ku duba Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya ƙara musu yarda. Ranar Uhudu ya gabatar da kansa yana ɗan shekara 14, Annabi (SAW) ya mayar da shi gida, alhali Musulmi suna cikin tsananin buƙatar mutane a wannan rana. Ranar Khandaƙ yana ɗan 15 aka karɓe shi. Da labarin ya isa ga Umar ɗan Abdul'aziz, sai ya riƙe shi a matsayin iyaka tsakanin yaro da babba. Abin lura a nan: buƙata ba ta sa an tsallake shekaru ba.

Ku duba Anas ɗan Malik. Yana ɗan shekara 10 mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta kai shi hidimar Annabi (SAW), ya yi shekara 10 yana hidima. Wace irin hidima ce? Aike, ɗauko ruwan alwala, rakiya. Shi da bakinsa ya ba da labari, kamar yadda ya zo a Muslim, cewa wata rana an aike shi sai ya tarar da yara suna wasa a kasuwa ya tsaya. Bai ankara ba sai ya ji an riƙe ƙeyarsa, ya waiga ya ga Annabi (SAW) yana dariya, yana kiransa da sunan lele, yana tambayarsa ko ya je inda aka aike shi. Ba zagi, ba mari. Kuma Anas ya shaida cewa a tsawon shekarun nan ba a taɓa yi masa tsaki ba. Amma an sa shi aiki fa, har ma an ba shi riƙon sirri, wanda mahaifiyarsa ta tambaye shi ya ƙi faɗa mata, ita kuma ta ƙarfafa shi a kan haka.

Sannan ku duba aya ta 6 a Suratun Nisa'i, inda aka umarci masu riƙon marayu su riƙa jarraba su kafin a miƙa musu dukiyarsu. Imam Ƙurɗubi a tafsirinsa ya kawo yadda ake wannan jarrabawa: a damƙa wa yaro cefanen gida na wani lokaci a ga yadda zai yi, a damƙa wa yarinya wani sashe na tafiyar da gida. Kenan ba a wayi gari a ce wa mutum ka girma, ga kaya. Ana ɗora masa kaɗan-kaɗan ne, ido yana kansa.

Wannan duk reshe ne na babban tushen da ke ƙarshen Suratul Baƙara, cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya wuce iyawarsa. Wanda ya halicci yaron bai ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, kai da aka ba ka shi amana fa?

KAKANNINMU MA SUN SAN WANNAN

Masu cewa "haka muka tashi" sau da yawa rabin labarin suke tunawa. A tsarin gandu na ƙasar Hausa, yaro yana fara bin mahaifinsa gona ne da kai ruwa da fura, sai korar tsuntsaye, sai zuba iri a rami a rufe da diddige ranar shuka. Maƙeri yana ƙera masa fartanya daidai hannunsa. Idan ya tasa sai a yanka masa gayauna, 'yar gonarsa ta kansa, abin da ya noma nasa ne, ya sayar ya yi ɗinkin salla. Yarinya kuma tana farawa da tuwon ƙasa da 'yar tsana, sai a ba ta ƙaramar ƙwarya, sai ƙaramin tulu, sai a ba ta kaza ko akuya a ce taki ce. Kowane mataki da kayan aikinsa, kuma kowane mataki da ladansa. Wannan makaranta ce sukutum, kuma ta fitar da mutanen da suka riƙe garuruwan nan.

Wata mai bincike 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a cikin birnin Kano a shekarun 1970 tana nazarin aikin yara. Abin da ta fito da shi kowane Bahaushe ya san shi: matan aure suna cikin kulle, yara ne ƙafarsu da hannunsu a waje, su ne aike, su ne cefane, su ne talla. Tattalin arzikin mata ya rataya a wuyan yara.

To me ya canja? Lokacin yaro ne ya canja. Yaron da yana da yini guda, yanzu an raba masa shi gida uku ko huɗu: allo da asuba, boko da safe, Islamiyya da yamma, wani ma da ta dare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3. Mun ƙara wa yaro makarantu, amma ba mu rage masa ko guga ɗaya daga aikin da ba. Shi ya sa malaman makaranta suke ganin yarinya tana gyangyaɗi a aji tun ƙarfe 9, sai a ce daƙiƙiya ce. Alhali tun kiran assalatu take tsaye.

MA'AUNI UKU

Kafin ka sa yaro aiki, auna shi da abu uku.

Na farko, jikinsa. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, wuya da gadon baya suna kan girma. Abin da zai ɗauka ya zama zai iya ɗaga shi da kansa ya sauke da kansa. Duk kayan da sai an kama an ɗora masa, kuma sai an kama an sauke masa, to ba nasa ba ne. Sawu uku da ƙaramin bokiti ya fi sawu ɗaya da jarka.

Na biyu, hankalinsa. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Tambayi kanka: idan ya yi kuskure a wannan aikin, me zai faru? Idan amsar ita ce kwano zai fashe ko miya za ta yi gishiri, ba shi ya yi, da haka ake koyo. Idan amsar ita ce zai ƙone, ko zai nutse, ko ƙaninsa zai mutu, to wannan aikin manya ne. Kowace damina a Jihar Jigawa sai mun ji labarin yaran da suka nutse a kududdufi ko rafi, wasunsu wanki aka tura su, wasu shayar da dabbobi. Rijiya marar murfi, tafasasshen ruwa, man suya, fetur da kananzir, injin niƙa, maganin feshin wake da na ciyawa, waɗannan ba wurin gwajin yaro ba ne. Raino ma yana nan ciki. Yarinya 'yar shekara 6 za ta iya yi wa jariri wasa a gaban uwarsa, amma a goya mata shi a tafi biki ko unguwa, wannan yaro ne aka bar wa yaro.

Na uku, lokacinsa. Yaro yana da haƙƙi huɗu a yininsa da aiki bai kamata ya cinye ba: salla, karatu, barci da wasa. E, har da wasa. Imam Ghazali a cikin Ihya ya yi bayanin cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da takura masa kullum yana kashe zuciyarsa, yana dusashe basirarsa. Sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke koya wa yaransu azumin Ashura, suna yi musu abin wasa da gashin tumaki don su shagala har a sha ruwa. Ko a ibada ba su manta cewa yaro yaro ne ba. A ma'aunin da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, yake amfani da shi, yaro ɗan shekara 5 zuwa 14 da yake yin aikin gida awa 21 ko fiye a mako, an shiga bautar da shi. Awa 3 kenan a rana. Iyaye mata, ku lissafa tsakaninku da Allah: shara, ɗiban ruwa, wanke-wanke, kai niƙa, raino, talla. Awa nawa 'yarki take yi?

WANE AIKI, A WACE SHEKARA?

Abin da zan jero shawara ce, ba nassi ba. Yara sun bambanta, wani ɗan 8 ya fi wani ɗan 10 natsuwa, kuma iyaye su suka fi kowa sanin nasu.

Shekara 3 zuwa 4: lokacin kwaikwayo ne, yaro da kansa yake roƙon a ba shi aiki. Ya ɗauko buta marar nauyi, ya miƙo moɗa, ya jera takalma a bakin ƙofa, ya mayar da kwanonsa wurin wanke-wanke, ya watsa wa kaji tsaba. Zai ɓata fiye da abin da zai gyara. Ki bar shi. Idan kika kore shi yau don yana ɓata miki lokaci, ranar da za ki neme shi ya riga ya koyi cewa aiki ba nasa ba ne.

Shekara 5 zuwa 6: ya naɗe tabarmarsa, ya share ɗaki da ƙaramar tsintsiya, ya tsince wake, ya ɓare gyaɗa, ya zage zogale, ya ɗauraye kofuna, a aike shi maƙwabta inda ido yake iya kaiwa. A gona ya zuba iri, ya kai wa Baba ruwa.

Shekara 7 zuwa 9: shekarun tamyizi, lokacin da aka fara umartarsa da salla. A nan ne ake ba shi aiki tsayayye wanda ya san nasa ne kullum ba sai an faɗa ba: sharar tsakar gida, wanke-wanke, wanke ƙananan kayansa, ba awaki dusa da harawa, buɗe akurki da rufe shi, ɗebo ruwa da ƙaramin bokiti daga famfo na kusa, sayo gishiri da magi a kawo canji daidai. Ya tsaya kusa da murhu ya ga yadda ake yi, amma wuta ba ta zama a hannunsa ba tukuna. Roron wake da tsintar gyaɗa da kaka, bayan an taso makaranta.

Shekara 10 zuwa 12: ya wanke kayansa duka, ya fara girki mai sauƙi da babba a kusa, kamar dama kunu, dafa shinkafa da wake, haɗa miya. Tankaɗe, bakace, kai markaɗe, cefane da lissafinsa. Kiwon awaki kusa da gari, noma da fartanyarsa na awa ɗaya ko biyu kafin rana ta take. Kula da ƙanne na ɗan lokaci, babba yana cikin gida ko maƙwabta. A nan ne ya dace a ba shi abin da zai ce nasa ne, ko kaza, ko 'yar tunkiya, ko kunya biyar a gefen gona.

Shekara 13 zuwa 15: ya iya riƙe gida na yini guda idan uwa ba ta da lafiya. Tuƙa tuwo, daka, guga, faskare da kulawa, gyaran danga, yaɓen katanga tare da manya, tafiya da amalanke. A fara shawara da shi a kan kuɗin cefane, a ba shi na mako a ga yadda zai juya. Duk da haka feshin magani, shiga rijiya, da dakon buhu suna jiran ya cika mutum.

Ku lura, ban raba wannan jerin gida biyu na ce ga na maza ga na mata ba. Da gangan ne, kuma zan zo kansa.

"MALAM, KAI BA KA SAN TALAUCI BA"

Wannan ita ce magana mafi nauyi da za a mayar mini, kuma ba zan raina ta ba. Ga mace da 'ya'ya 7, tana kulle, babu famfo a gida, babu kuɗin sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, maigida ya tafi cirani Kano ko Legas tun bayan girbi. Idan yarinyar ba ta ɗebo ruwa ba wa zai ɗebo? Idan ba ta kai tallar ƙosai ba da me za a sayi sabulu? Wannan uwa ba azzaluma ba ce, ita ma abin ya fi ƙarfinta ne.

Amsa ta farko tana cikin hadisin Abu Zarri da ke Bukhari da Muslim. Annabi (SAW) yana magana ne a kan bayi da masu hidima, ya hana a ɗora musu abin da zai rinjaye su, ya ce idan kuwa an ɗora musu to a taya su. Idan wannan haƙƙin bawa ne, ɗan cikinka fa? Lalura tana iya sa yaro ya yi fiye da abin da ya kamata, amma ba ta halatta a bar shi shi kaɗai a ciki ba. A raba jarkar gida biyu, a rage sawu, a zaɓi lokacin da ba na makaranta ba.

Amsa ta biyu tambaya ce: ina mazan gidan? A gidaje da yawa da ake kukan babu mai ɗebo ruwa sai 'yar shekara 8, akwai saurayi ɗan 20 yana kwance a shago, ko yana majalisa ana musun ƙwallon Ingila. Akwai maigida da yake da babur, wanda zai iya ɗauro jarka 4 a sawu ɗaya cikin minti 10 kafin ya fita. Nauyin ya gangaro ne daga mai ƙarfi zuwa marar ƙarfi, har ya tsaya a kan wadda ba ta da bakin cewa a'a. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. A wata ruwayar ta ambaci ɗinke tufafinsa, gyara takalminsa da tatsar akuyarsa. Wane ne a cikinmu ya fi shi girma da zai ce ɗaukar bokiti zubar da mutunci ne?

Amsa ta uku a kan talla ce. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Usman ɗan Affan ya yi huɗuba ya hana a tilasta wa ƙaramin yaro nemo kuɗi, domin idan bai samu ba sata zai yi. Ku dubi wannan hangen nesa. Yarinyar da aka ce mata kar ki dawo sai kin sayar, aka sake ta a tasha tana ratsa motoci a kan hanyar Kano zuwa Daura har bayan magariba, me ake so ta yi idan ƙosan ya yi kwantai? Wanda zai saye duka tiren ya san abin da yake nema. Ribar naira nawa ce za ta biya wannan? Jihar Jigawa ta sa hannu a dokar kare haƙƙin yara a ƙarshen 2021, amma tun kafin doka, Sahabi ya riga ya faɗa a kan mumbari.

ADALCI A RABON AIKI

Wani rahoton UNICEF na 2016 ya nuna cewa a duniya, 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna kashe lokaci a aikin gida fiye da takwarorinsu maza da kashi 40 cikin 100. Mu a nan ba ma buƙatar rahoto. An taso Islamiyya tare, Yaya ya ajiye jaka ya tafi fili, ƙanwarsa ta ajiye jaka ta ɗauki tsintsiya. Da daddare shi yana bitar karatu, ita tana kankare tukunya. Gobe a ce maza sun fi ƙoƙari.

Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya umarci iyaye da tsoron Allah da yin adalci tsakanin 'ya'yansu. A kan kyauta ya zo, amma hutu ma kyauta ne, lokacin karatu ma kyauta ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna mu'amala da su kamar kayan aikin gida da ake mora har su lalace a jefar. Fiye da shekara 200 kenan, kuma maganar kamar yau aka yi ta.

Shi ma namijin an cuce shi. Yaron da bai taɓa wanke kwano ba, shi ne zai je makarantar kwana ko jami'a ya rasa yadda zai dafa ko taliya. Shi ne mijin da matarsa za ta kwanta da zazzaɓi ko jego, ya zauna yana jiran ta tashi ta ɗora tukunya. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, haka aka gina shi.

Sai kuma waɗanda ba su da mai tsaya musu: 'yar riƙo, maraya, ɗan kishiyar da ta fita, 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, da almajirin da yake wanki da shara don ragowar tuwo. A gidaje da yawa 'ya'yan gida suna hutawa ne saboda akwai wani ɗan da yake ɗauke nauyinsu, kuma shi ma shekarunsa 9. Gwajin mai sauƙi ne. Aikin da kika ga ya yi wa ɗanki nauyi, ya yi wa sa'ansa nauyi, ko ɗan waye. Wallahi wannan yarinyar da take kwana a kicin tana da Ubangiji, kuma Yana gani.

YADDA AKE SA AIKIN

Aiki daidai shekaru ma yana iya zama cuta idan an sa shi da mugun baki. Ibn Khaldun a Muƙaddima ya yi bayanin cewa yaron da aka rena da tsanani da ƙuntatawa, nishaɗinsa yana tafiya, kasala ta kama shi, ya koyi ƙarya da yaudara don tsoron hannu. Kun san yaron da ya fasa tulu ya ce akuya ce. Tsoro ne ya koya masa.

Ku yi aikin a gabansa, sannan ku yi tare, sannan ya yi kuna kallo, sannan ku sakar masa. Kar a mayar da aiki horon laifi, domin wanda aka saba ce masa "tunda ka yi kaza je ka share bayi" zai tashi yana ganin shara wulaƙanci ce. Idan ya gama a ce masa sannu, Allah Ya yi maka albarka. Wannan kalmar a bakin uwa ta fi kuɗi. Kuma ba kowane aiki ake biya ba: wanda ya ci a gida ya yi wa gida hidima, wannan shi ne zama ɗan gida. Amma abin da ya noma a gayaunarsa, ko akuyarsa ta haifa, a bar masa, ya ɗanɗani zaƙin guminsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma ɗanyen icce shi ya fi saurin tsagewa idan aka danne shi da ƙarfi.

Don haka yau da daddare, maigida da uwargida, ku zauna ku ƙirga 'ya'yan da ke ƙarƙashin rufinku, har da waɗanda ba ku haifa ba. Kowane ɗaya ku faɗi shekarunsa, ku faɗi aikin da ya yi yau tun asuba. Wanda kayansa suka yi yawa a rage masa, a mayar wa babban da ya dace. Wanda ba ya ɗauke da komai a ba shi nasa daga gobe.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su zama sanyin idanunmu, Ya yafe mana abin da muka tauye na haƙƙinsu. Allah Ya yalwata wa iyayen da talauci ya matse. Wallahu a'alam.